Amsa Ga Mai Tambaya: Ba A Zalunci Daniele Molmenti Ba

Zuwa ga ɗan'uwana mai tambaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sane da tambayar da ka jefo mini a gaban jama'a ranar da muke hirar wasannin Olamfik, kuma tunda a bainar jama'a ka yi ta, ya dace amsar ma ta fito a inda kowa zai gani. Abin da ka tambaya shi ne, ta yaya Daniele Molmenti, ɗan Italiyan da ya ci lambar zinare a tseren kwale-kwale na ruwa mai ƙarfi a Landan a 2012, bai je Rio a 2016 ya kare kambunsa ba. Ka ƙara da cewa kana zargin an yi masa rufa-rufa ne aka ture shi. Amsata ita ce ba a zalunce shi ba, kuma zan faɗa maka dalilina.

Sai ka fara sanin yadda wasan yake, domin ba jera kwale-kwale ake yi a saki gaba ɗaya ba. Kowane matuƙi shi kaɗai yake sauka, agogo yana ƙirga masa lokaci, a cikin wata hanyar ruwa mai tafasa da kumfa. An rataye sanduna bibbiyu a saman ruwan, su ne ake kira ƙofofi, kuma yawansu yakan kama daga 18 zuwa 25. Masu launin kore ana bin su yadda ruwa yake gangarawa, masu launin ja kuwa dole mutum ya juyo ya haura ta cikinsu yana fuskantar ruwan. Wanda ya taɓa sanda, ko da gefen filafili ne ko kafaɗa, an ƙara masa daƙiƙa 2. Wanda ya tsallake ƙofa an ɗora masa daƙiƙa 50, wato tasa ta ƙare ke nan. Idan ka lura da matuƙi a ƙofa ja, za ka ga ya kafa filafili a ruwa kamar turke, ya karkata jiki har ƙugunsa ya kusa nutsewa, gindin kwale-kwalen ya shige ƙarƙashin ruwa ya juya, shi kuma ya sunkuyar da kai ya wuce sandan da tazarar da ba ta fi faɗin yatsa ba. Duk wannan a cikin ƙiftawar ido yake faruwa, kuma sau da yawa a nan ake cin gasa ko a faɗi.

Molmenti haifaffen Pordenone ne, a arewa maso gabashin Italiya, ranar 1 ga Agusta, 1984. Zinarensa bai faɗo masa daga sama ba. Ya je Beijin a 2008, ya kai zagayen ƙarshe, ya ƙare a matsayi na 10. A 2010 ya zama zakaran duniya a Tacen da ke ƙasar Sulobeniya, kuma ya ci kambun Turai fiye da sau ɗaya kafin ya isa Landan. Ranar 1 ga Agusta, 2012, ranar da ya cika shekara 28 cif, ya sauka a ruwan Lee Valley cikin daƙiƙa 93.43 ba tare da ya taɓa sanda ko ɗaya ba. Vavřinec Hradilek na Jamhuriyar Cek ya zo na biyu da 94.78, Hannes Aigner na Jamus ya zo na uku. Ka dubi tazarar da kyau: daƙiƙa 1.35 ce kacal, ba ta ma kai hukuncin taɓa sanda guda ba. Da filafilinsa ya gogi sanda ɗaya a ranar, da ko tagulla bai samu ba, da kuma ba ka san sunansa ba balle ka yi tambaya a kansa.

To, ga inda gizo yake saƙar. A gasar Olamfik ta Rio a 2016, kowace ƙasa kwale-kwale ɗaya tak aka ba ta dama ta shigar a kowane rukuni na wannan wasa. Ba a ware wa mai riƙe da kambu gurbi na musamman, kuma gurbin da aka samu na ƙasa ne, ba na mutum ba. Saboda haka ƙasar da take da gwanaye biyu dole ta bar ɗaya a gida, ko da shi ne zakaran jiya. A 2016 Italiya tana da Molmenti mai shekara 31 a lokacin tantancewa, tana kuma da Giovanni De Gennaro, ɗan Brescia, wanda aka haifa a watan Yulin 1992, kuma matashin ne ya yi rinjaye a tantancewar. A wasan da agogo da sanduna suke yanke hukunci, wurin son kai ƙanƙane ne ƙwarai, domin lokacin kowa a rubuce yake, kowa yana iya gani.

Na san abin da za ka ce, cewa De Gennaro na 7 ya zo a Rio, a Olamfik ɗin Tokiyo da ya biyo baya kuma bai ma kai zagayen ƙarshe ba, don haka ai da an tura tsohon hannu. Ban yarda da wannan lissafi ba. Masu zaɓe ba su da ikon ganin gobe, abin da yake gabansu shi ne wanda ya fi sauri a lokacin da ake gwaji. Idan da suna ake tura mutum, ba da gudu ba, to nan ne zalunci zai shigo, kuma matashin ne zai zama wanda aka zalunta. Ni kaina na ji zafin rashin ganin Molmenti a Rio, domin tuƙinsa na ƙarfi da zafin nama yana burge ni, amma jin zafi daban, hujja daban.

Akwai kuma abin da ya sa wannan gurbi ɗaya yake da nauyi a wurin Italiyawa. Wasan ya fara shiga Olamfik a Munik a 1972, aka cire shi, bai dawo ba sai a Barsalona a 1992, inda Pierpaolo Ferrazzi ya ci wa Italiya zinare, ya kuma ƙara da tagulla a Sidni a 2000. Daga zinaren Ferrazzi zuwa na Molmenti shekara 20 aka yi ana jira. Ƙasar da take jiran irin wannan lokaci ba za ta riƙe mutum ɗaya har ƙarfinsa ya ƙare ba, sai ta bar na baya ya shiga ruwa ya sha wahalarsa da wuri, kuma wahalar Rio da Tokiyo ita ce makarantar De Gennaro.

Shi kansa Molmenti bai yi fushi ya juya wa wasan baya ba. Da ya ajiye filafili sai ya koma horarwa, har ya zama shugaban masu horar da 'yan wasan Italiya a wannan fanni, wanda ya karɓe masa gurbi ya dawo ƙarƙashin kulawarsa. A gasar Faris ta 2024, a ruwan Vaires-sur-Marne, De Gennaro ya sauka cikin daƙiƙa 88.22, ya doke Titouan Castryck na Faransa da ya yi 88.42 a gaban 'yan ƙasarsa, Pau Echaniz na Sifaniya ya zo na uku. Ranar kuwa ita ce 1 ga Agusta, Molmenti yana wurin a matsayin mai horarwa, kuma a ranar ya cika shekara 40.

Wassalam,
Ɗan'uwanka mai bibiyar wasannin ruwa.