Wasiƙa daga Kaduna: maɗacin nan dai a bar shi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin Ingila? Mu nan bazara ce ta sa mu gaba, sai dai godiya.

Saƙonka ya iso cewa a share filinka na Rigachikun don fara gini. Na sa an nome ciyawa, an kwashe duwatsu, amma itatuwan maɗacin nan biyu da ɗorawar da ke kusurwar gabas na hana a taɓa su. Magini ya ce za su tare masa hanyar katanga, na ce katangar ce za ta kauce. In ranka ya ɓaci, ka bari sai ka zo a watan Afrilu ka kwana ɗaya ba wuta, sannan mu yi maganar.

Zafin garin nan ba irin wanda ka bari ba ne. Da rana yakan doshi digiri 40, da dare kuma kwalta da bulo da kwanon rufi su riƙa amayo zafin da suka sha. Bishiya kuwa ba inuwa kaɗai take bayarwa ba, ruwa take zuƙowa daga ƙasa tana fesarwa ta ganye, iskar wurin ta yi sanyi. Ka taso daga Rigasa da azahar ka shiga tsofaffin layukan Unguwar Rimi, jikinka zai gaya maka. Tun bayan da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917 aka yi ta jera itatuwa a unguwannin Turawa, har yau masu hali ne ke cin moriyarsu. Talakan da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, shi ne kuma layinsa ba ko darbejiya.

Ga ruwa. Kowa ya malale tsakar gidansa da siminti, to ina ruwan sama zai nitse? Sai ya bi kwata, kwata ta toshe da leda, sauran ya tafi kogi a guje. Shi ya sa duk Agusta da Satumba mutanen Kigo Road da Kabala ke kwana ido biyu. Saiwoyin da ke riƙe gaɓar kogin Kaduna ma an sare da yawansu an kafa gidaje.

Ka tuna dajin Afaka, wajen Mando, inda itatuwan turare ke tsaye sahu-sahu? Filaye da masu itace suna ta gutsurarsa. Tun da aka sace ɗaliban kwalejin gandun daji a can a Maris na 2021, wasu ke cewa gara a share shi, maɓoyar ɓarayi ce. Na san tsoron, ni ma ina da shi. Amma daji ma'aikata da sintiri yake buƙata, gatari ba ya kama ɗan bindiga.

Ban ga laifin matar da ta koma gawayi ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 rayuwa ta yi tsada, iskar gas ta fi ƙarfin gidaje da yawa. Abin da ke ba ni haushi shi ne bikin dashen itatuwa: a tara jama'a, a ɗauki hoto, a watse. Ba shinge, ba mai ban ruwa, kafin rani ya raba, awaki sun gama da su. Sannan a ce an sare ɗaya an dasa goma. Maɗacin da ke filinka ya girme mu duka, ɗan tsiron leda sai jikokinmu ne za su zauna a ƙarƙashinsa, in ya tsira.

Ka turo mini zanen gidan in kai wa mai zane ya ɗan matsar da ɗakin baƙi yamma. Hajiya na gaishe ka, ta ce har yanzu ba ta ga hoton jaririyar ba.

Wassalam,
Amininka na Kaduna