Rahoton kwamitin gyaran azuzuwan kwalejinmu bayan ambaliyar 2024

Assalamu alaikum iyayenmu, malamai, da ƴan'uwa tsofaffin ɗalibai na gida da na waje. Aikin da kuka ɗora mana ya kammala. Azuzuwa 3 da ruwa ya lalata sun koma aiki, an tada katangar da ta faɗi, an kuma fitar da magudanar ruwa daga filin makaranta zuwa titi. Ga bayanin yadda abin ya gudana.

Kowa a Maradi ya san irin ruwan da aka tafka a ƙarshen watan Agusta na 2024, wanda ya rushe gidaje ya ci rayuka. A wajenmu ruwan ya kwanta a gindin ginin ya cinye tushe, bango ɗaya ya tsage tun daga ƙasa har sama, iska kuma ta yaye kwanon aji biyu. Gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata saboda ambaliyar, amma ko da ranar ta zo babu inda za a zaunar da ƴan aji ɗaya, waɗanda su ne suka fi yawa.

A taron farko an kawo shawarar a kafa rumfunan zana a wuce wurin, tunda shi ne mafi araha. Iyaye mata ne suka ƙi, kuma ba su yi dogon bayani ba. Sun tuna mana gobarar Nuwamba 2021 a nan garin, wadda ta kashe yara sama da 20 a cikin azuzuwan zana. Daga nan maganar ta mutu. Malamai suka yarda a raba yara kashi biyu, na safe da na yamma, a sauran azuzuwan har a gama gini. Wannan ya ninka musu wahala ba tare da ƙarin ko dala ba, kuma kwamiti na son a san da haka.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne batun kuɗi. Al'adar da aka saba ita ce a yanka wa kowane uba abin da zai biya, wanda bai kawo ba a koro ɗansa. Mun ƙi bin wannan hanya, ko da yake wasu daga cikinmu sun yi gargaɗin cewa aikin zai ja. Dalilinmu a fili yake. Tun da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, kasuwancin da ke bi ta Dan Isa zuwa Jibiya da Katsina ya tsaya cak, kuma Maradi da wannan hanya take numfashi. An janye takunkumin a Fabrairu 2024, an buɗe iyakar a Maris, amma jarin da ya karye bai tashi a rana ɗaya ba. Ga faɗuwar naira, ga tsadar shinkafa, sai kuma ruwa ya zo ya rushe wa mutum ɗaki. Uban da ke kwana a gidan maƙwabci, ta yaya za a aika masa da takardar neman jika biyar? Mun san abin da zai biyo baya: ƴan mata ne za a fara cirewa daga makaranta, sai ɗaliban ƙauye da ke zaune a hannun masu masauki.

Don haka aka buɗe littafi biyu, na kuɗi da na kaya da aikin ƙarfi, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Bayan kaka wasu sun kawo tiyar gero ko ta wake, aka tara aka sayar. Masu amalanke sun yi ta ɗebo yashi daga gulbi kyauta. Wani uba mai walda ya haɗa tagogi da ƙofofi, kuɗin ƙarfe kawai ya karɓa. Tsofaffin ɗalibai da ke Yamai, Agadas da Kano su suka ɗauki nauyin kwano da yawancin siminti. A nan mun taki sa'a, domin a watan Oktoba 2024 gwamnati ta rage farashin siminti, kuma sai bayan ragin muka saya.

An buga bulo a cikin filin makaranta da sanyin hunturu. Babban magini ya ja mana kunne cewa iskar lokacin tana busar da siminti kafin ya kama, sai an riƙa shayar da shi safe da yamma. Ƴan aji huɗu, masu shirin jarrabawar kammala kwaleji ta BEPC, suka raba kansu rukuni-rukuni. Kafin a buga ƙararrawa za ka gan su da bokitai da butoci suna bin layin bulo, ƙafafu duk furu-furu, wani riƙe da littafi a hammata. Idan famfo ya ɗauke, ƴan ga-ruwa na unguwa kan sauke mana jarka biyu-uku su wuce ba su tsaya ciniki ba.

Abubuwa biyu muka canza daga yadda ginin yake a da. An ɗaga tushe sama da inda ruwan ya tsaya, alamarsa ma tana nan a jikin tsohon bango, an kuma sa ƙarfe a madadin katako a ƙarƙashin kwano saboda gara. Sai magudanar ruwa, wadda ta ci kuɗi fiye da yadda aka zata, har wasu iyaye suka ce da an sayi fenti da kuɗin da makaranta ta fi kyan gani. Ra'ayin kwamiti shi ne wannan lambatu ya fi komai muhimmanci a aikin. Dattawanmu na ba da labarin yadda ambaliyar gulbi ta 1945 ta sa aka tayar da gari daga kwari aka hau tudu. Mu ba mu da inda za mu kai makaranta, sai dai mu nuna wa ruwa hanya.

Ba a kori yaro ko ɗaya saboda kuɗin gini ba. Ragowar geron da ba a sayar ba an raba wa gidajen da ke riƙe da ɗaliban ƙauye, da sanin shugaban makaranta da COGES, wato kwamitin kula da tafiyar da makaranta.

Abin da ya rage: ba a yi fenti ba, sai allunan da aka shafe da baƙi a jikin bango. Teburan zama ba su isa ba, yara huɗu ke matsuwa a na mutum uku, wasu kuma a tabarma suke. Kafinta ya duba karyayyun da ke jibge a bayan ofis, ya ce yawancinsu ƙafafun ƙarfen na da kyau, katako kawai za a sake. Shi ne aikin da muke ba da shawarar a sa gaba.

Littattafan biyu da rasit ɗin duk abin da aka saya suna hannun ma'aji, an kuma liƙa kwafin lissafin a ƙofar ofishin shugaban makaranta. Duk wanda ya ba da wani abu bai ga an rubuta ba, ya zo a gyara kafin babban taron iyaye. Muna roƙon a zaɓi mutum biyu daga unguwa da za su riƙa kula da yashe magudanar kafin faɗuwar damina. Allah ya saka wa kowa da alheri.