Gyara kan gaisuwar mutanen Tailan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ba na fashin sauraron shirinku na al'adun duniya, shi ya sa na kasa yin shiru. Ranar nan mai gabatarwa, namiji da shi, ya buɗe shirin da "sawatdi kha". Wannan "kha" ta mata ce. Namiji "khrap" yake cewa, a bakin 'yan kasuwa ma sai ka ji "khap" kawai.

Ban ga laifinsa ba, don ni ma na taka wannan sawun. Zuwana Bankok na farko sarin kaya, na wuni a kasuwar Pratunam ina kwaikwayon matan da ke tsaron shaguna, duk inda na shiga sai in ce "kha". Wata dattijuwa ce ta rufe baki da hannu tana dariya, ta nuna kanta ta ce "kha", ta nuna ni ta ce "khrap". Mu a Hausa "ka" da "ki" wanda ake yi wa magana suke bi, su kuwa nasu mai maganar yake bi. Nan ne Bahaushe ke ruɗewa.

Ita kalmar "sawatdi" kanta ba ta kaka da kakanni ba ce kamar yadda aka faɗa a shirin. Wani malamin Jami'ar Chulalongkorn, Phraya Upakit Silapasan, shi ya ƙirƙiro ta a shekarun 1930 daga "svasti" ta Sanskrit, tsohon harshen Indiya, mai nufin lafiya da alheri. A 1943 gwamnatin Phibun Songkhram, wanda a zamaninsa aka sauya sunan ƙasar daga Siyam, ta mai da ita gaisuwar hukuma. Kafin nan tambayar juna ake yi ina za ka, ko "ka ci shinkafa?", kuma har gobe ana yi. Ƙasar da muka daɗe muna cin shinkafarta, ai dole.

Ana faɗinta safe da dare, haɗuwa da rabuwa, tare da haɗa tafukan hannu a ƙirji a ɗan sunkuyar da kai, abin da suke kira "wai". Ƙarami ne ke farawa, babba ya amsa. Dattijo ya riga yaro ɗaga hannu, abin kunya ne ga yaron.

Don Allah a gyara a shiri na gaba, akwai 'yan uwanmu fatake da ke koyo daga bakinku. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai sauraro daga Kantin Kwari, Kano