Gardamar Gidan Wuta ta raba zumuntarmu a Riyad

Baba Rabaran,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, da Mama, da dukan abokan aikinka a gidan rediyo. Muna jin shirinka ta intanet a nan Riyad, ko da yake sai dare ya raba muke samun sukuni. Don Allah a bar sunana da unguwarmu a rufe, ka san ƙasar da muke ciki.

Abin da ya sa na rubuto ya faru ne ranar Jumma'ar da ta wuce. A nan babu ginin coci ko ɗaya, saboda haka mu 'yan Arewa masu bin Almasihu a falo muke taruwa, ranar Jumma'a tunda ita ce ta hutu, labule a sauke, waƙa ƙasa-ƙasa, ba ganga ba tafi. Mu goma sha huɗu ne, yawancinmu ma'aikatan asibiti, daga Kudancin Kaduna da Filato da Gombe da Adamawa. Kowa da ɗariƙarsa a gida, akwai 'yan ECWA, da COCIN, da EYN, da 'yan Katolika biyu, Hausa ce ta haɗa mu. Ba mu da fasto, ni aka ɗora wa nazarin Littafi.

Akwai wani ɗan'uwa a cikinmu, a ɗakin gwajin jini yake aiki. Ya yi watanni yana shigo da wata koyarwa, kuma bai taɓa kawo ta a fili ba, sai ta WhatsApp, mutum ɗaya bayan ɗaya, yadda gara take cin azara daga ciki. Mutum ne mai kaifin baki, mai son a ce ya sani. Cewa yake yi babu azaba ta har abada. Wai wanda bai sami ceto ba za a tashe shi, a yi masa shari'a, ya sha hukunci gwargwadon aikinsa, sa'an nan ya hallaka ƙurmus, ya zama babu.

Bari in shimfiɗa maka yadda yake gina maganarsa, domin ba da ka yake yi ba, kuma abin da ya sa yake jan mutane ke nan. Yakan fara da cewa kalmomi huɗu ne muke haɗawa mu kira su wuta. Akwai Sheol ta Ibrananci, sau 65 a Tsohon Alkawari, wadda sau da yawa kabari ko lahira take nufi, har Yakubu mai tsoron Allah ya ce can zai gangara wurin ɗansa Yusufu (Farawa 37:35). Akwai Hades ta Helenanci, sau 10 a Sabon Alkawari. Akwai Gehenna, sau 12, goma sha ɗaya daga bakin Yesu kansa, ɗaya a Yakubu 3:6. Sai Tartarus, sau ɗaya tak, a 2 Bitrus 2:4, kuma a kan mala'iku ne. Na ƙirga da kaina, lissafinsa daidai ne. Daga nan sai ya ce Gehenna ai Kwarin Hinnom ne, a kudu da Urushalima, inda Ahaz da Manassa suka ƙona 'ya'yansu hadaya, inda Yosiya ya zo ya ƙazantar (2 Sarakuna 23:10), kuma daga sunan ne aka sami Jahannama da muke faɗa. Wannan ma gaskiya ne. Inda ya zame shi ne da ya ce kwarin juji ne da wuta take ci kullum a zamanin Yesu. Wannan labarin jujin, mafi daɗewar inda aka same shi a rubuce wurin wani malamin Yahudawa ne, Dauda Kimhi, wajen shekara ta 1200, fiye da shekara dubu bayan Ubangiji. Na faɗa masa haka, bai ce uffan ba, washegari kuma ya sake tura wa wata irin maganar.

Sai ya jero ayoyinsa. Matiyu 10:28, a ji tsoron wanda yake da ikon hallaka rai da jiki. Romawa 6:23, sakamakon zunubi mutuwa ne. Yahaya 3:16, kada ya hallaka. Malakai 4, mugaye za su zama toka. 1 Timoti 6:16, Allah kaɗai ne marar mutuwa, wato rashin mutuwa kyauta ce ga masu bi, ba halittar kowa ba ce. Tsutsar da ba ta mutuwa da wutar da ba a kashewa a Markus 9:48, ya ce a koma Ishaya 66:24 inda aka ɗauko, gawawwaki ake magana a kai, ba masu rai ba.

Amsata tana Matiyu 25:46, kuma ita ce amsar ikkilisiya tun dā. Kalma ɗaya ce ta Helenanci, aionios, wato madawwami, take tsaye a kan azaba, take kuma tsaye a kan rai, a cikin jimla ɗaya. In ka gajarta ɗaya ka gajarta ɗayar. Agustin na Hippo, a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, da wannan hujjar ya tsaya. Na ƙara da Daniyel 12:2, da Wahayin Yahaya 14:11 inda hayaƙin azabarsu yake tashi har abada ba hutu dare da rana, da 20:10, da mai arziki da Li'azaru a Luka 16. Ya ce Luka 16 Hades ne, kafin ranar shari'a, ba Gehenna ba. Ya ce Yahuza 7 ta kira wutar Saduma madawwamiya, yau kuwa Saduma ba ta ci da wuta, sakamakon ne ya dawwama. Ya ce hayaƙin Edom ma a Ishaya 34:10 an ce zai tashi har abada. Baba, a kan Yahuza 7 ban ba shi amsar da ta gamsar da ni kaina ba, ko da yake ban nuna a fuska ba. Ka taimake ni da wannan.

Amma ba wannan ne ya kawo ni ba. Akwai wata 'yar'uwa, nas ce, mahaifinta ya rasu a ƙauye mako uku da suka wuce. Addinin gargajiya yake bi, bai taɓa yin baftisma ba. Ba a ba ta hutu ba, ta waya ta ga jana'izar. An gaya mini wannan ɗan'uwan ya je ya ce mata kada ta damu, a ƙarshe kowa zai sami ceto, ya karanta mata 1 Korantiyawa 15:22, da Kolosiyawa 1:20, da 1 Timoti 2:4. To ka ga halinsa ke nan. A gabana yana cewa marasa bi za su zama babu, a gabanta yana cewa duka za su tsira. Waɗannan biyun ba sa zama a tukunya ɗaya. Ta farkon ita ce ta 'yan Adbentis da Shaidun Jehobah, ta biyun kuwa ta Orijen ce na Iskandariya, wani malamin ikkilisiya na dā, wadda aka la'anta a 543, zamanin Sarki Justiniyan. Gaskiya ban ji da kunnena ba lokacin da ya faɗa mata, wani ne ya kawo mini, shi kuma ya ce cewa kawai ya yi shari'a ta Allah ce. Amma na san shi.

Ranar Jumma'a muna cikin nazari, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, ina babana yake yanzu?" Kowa ya yi tsit. Shi ɗan'uwan nan ya kafa mini ido yana jiran ya ga abin da zan ce. Ni kuma an ba ni amanar koyarwa, Ezekiyel 33 ya ce in mai tsaro ya ga takobi bai busa ƙaho ba, jinin yana wuyansa. Sai na karanta Yahaya 14:6, da Ayyukan Manzanni 4:12, da Yahaya 3:18, da Ibraniyawa 9:27. Ban ƙara ko kalma ɗaya tawa ba, Allah shaida ne. Ban ce mahaifinta yana wuta ba. Ta ajiye kofin shayin da yake hannunta a kan kafet, ko kurɓa ba ta yi ba, ta jawo abayarta ta sa a bai-bai, ta fita. Mun ji ta tsaya a matakala tana kuka, wata ta bi ta.

Nan ɗan'uwan ya tashi da ihu, a gidan da ko waƙa ba ma ɗaga murya saboda maƙwabta. Kowa a falon yana da igama, wato takardar izinin zama, da yake tsoron a soke, amma shi ko a jikinsa. Ya ce na yanka ta da Littafi. Sa'an nan ya yi abin da ya fi ƙona mini rai. Ya buɗe Markus 9 a wayarsa, ya zagaya yana nuna wa kowa cewa daga aya 43 sai 45, daga 45 sai 47, babu 44 da 46. Ya ce, "Ga ayoyin wutarku nan, su waye suka sa su, su waye suka cire?"

Na san bayanin wannan, shi ma ya sani, shi ya sa na ce mugunta ce. Tsofaffin kwafen Helenanci na ƙarni na huɗu, Sinaitikus da Batikanus, ba su da ayoyin nan biyu. Masu kwafa na baya ne suka maimaita maganar aya 48 sau biyu a sama, kamar amshin waƙa. Lambobin ayoyin da muke amfani da su yau kuwa sai a 1551 wani mai ɗab'i, Robert Estienne, ya sa su a Sabon Alkawari, bisa kwafen baya da suke hannunsa. Da aka koma ga tsofaffin kwafe sai lambobin biyu suka zauna ba komai a cikinsu, shi ya sa wasu juyi suke tsallake su, wasu su sa a baka biyu ko a ƙasan shafi. Aya 48 tana nan a dukan kwafen, kalma bisa kalma, ba a rasa koyarwa ko ɗaya ba. Amma wa zai tsaya ya ji wannan a cikin hayaniya? Wata yarinya da ba ta daɗe da zuwa ba ta ce, "To Baba, in an cire waɗannan, me kuma aka cire?" Yarinyar nan kullum abokan aikinta suna ce mata an canza Littafinmu, tana daurewa, yau ga ɗan'uwanta Kirista ya miƙa mata abin da ya yi kama da shaida. Littafin da kakanninmu suka samu da Hausa tun 1932, aka sake juya shi a 1979, shi aka mai da abin nuni da yatsa.

Na manta ban faɗa ba, falon da muke taruwa nasa ne, shi kaɗai yake da gidan da ba na asibiti ba. Kuma ƙanin matata ne, ciki ɗaya. Matata tun ranar ba ta ce mini komai a kan batun ba, sai dai jiya ta ajiye mini Littafinta a buɗe a Farawa 18:25, inda Ibrahim yake tambaya ko mai shari'ar dukan duniya ba zai yi adalci ba. Na san ayar. Na san Romawa 2:12 zuwa 16 a kan waɗanda ba su da Shari'a, da Luka 12:47 da 48 a kan dūka mai yawa da dūka kaɗan, da ɓarawon da ya tuba a kan gicciye ba baftisma. Ba su zo mini a lokacin ba, domin idona yana kansa. 'Yan Katolikan namu kuma sun ce tun 1964 majalisar Batikan ta biyu ta koyar cewa wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, yana kuma neman Allah da zuciya ɗaya, yana iya samun ceto. Ni ba a haka aka rene ni ba, amma yanzu murya uku ke nan a falo ɗaya.

Mutum biyar sun fita daga zauren WhatsApp namu. Saura tara, biyu kuma suna jiran su ga inda iska za ta kaɗa.

Tambayata ta fari, in hana shi Jibin Ubangiji? Titus 3:10 ta ce mai raba kan jama'a a gargaɗe shi sau ɗaya, sau biyu, sa'an nan a rabu da shi. Matiyu 18 ta ce a fara samunsa shi kaɗai, sa'an nan da shaida ɗaya ko biyu, sa'an nan ikkilisiya. Maganar da muka yi da shi ta WhatsApp za a ƙirga ta a matakin farko? Kuma wa zai zartar, tunda ba mu da fasto, ba mu da majalisar dattawa, gidan ma nasa ne? Yana kafa hujja da John Stott, malamin Kirista na Ingila, wanda ya jagoranci rubuta Alkawarin Lausanne, wata sanarwar bangaskiya ta masu bishara, a 1974, wai shi ma a 1988 ya bayyana cewa ya karkata ga wannan ra'ayin na hallaka. Na bincika, haka ne, ko da yake Stott ya faɗa ne da taka-tsantsan, bai ce a tilasta wa kowa ba. Shaidar Bangaskiya ta Manzanni da muke karantawa tana maganar shari'ar masu rai da matattu, da tashin jiki, da rai madawwami, ba ta fayyace yadda hukuncin zai kasance ba. To wannan batu yana sahun Triniti da tashin Almasihu, waɗanda ba a sassauta a kansu, ko yana sahun abin da 'yan'uwa za su saɓa su kuma ci gurasa ɗaya?

Ita kuma 'yar'uwar ba ta ɗaukar wayata. Sashenmu ɗaya a asibiti, ranar Lahadi muka haɗu a lif, ta gaishe ni "Baba ina kwana", ta sunkuyar da kai har muka sauka. Ba zan ce mata mahaifinta yana sama ba, ba ni da ayar da zan tsaya a kai. Ba zan kuma iya sake karanta mata waɗancan huɗun ba. In na ba ta haƙuri, shi zai zagaya yana cewa na janye koyarwar, yaran nan kuma za su gaskata shi. Baba, me zan ce mata wanda ba ƙarya ba ne? In je ni kaɗai, ko in tafi da matata? Jumma'a saura kwana uku, har yanzu ba a sanar da inda za mu taru ba.

Ɗanka cikin Ubangiji,
daga Riyad, Saudiyya.