Zuwa ga Ishaya a Mararaba

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna nan lafiya, ƙafar Babanka ta yi sauƙi har ya koma gona.

Rahila ta gaya mini ka daina zuwa sujadar Hausa ta ECWA, ka koma wata majami'a da ake kiran mai ita Annabi. Sauya coci kaɗai ba zai sa in ɗauki biro ba. Kawunka ɗan Anglika ne tun zamansa a Wusasa, matarsa 'yar EYN ce, ba mu taɓa ganinsu bare ba. In ka sami inda ake koyar da Maganar Allah tsakani da Allah, COCIN ce ko HEKAN ko Baptis, ka je ka zauna.

Abin da ya hana ni barci daban ne. An ce mutumin nan ya tsayar da kai gaban jama'a, ya ce wata tsohuwa a danginku ce ta ɗaure maka arziki, kuma tun ranar ka daina ɗaga wayar Gwaggo Saratu. Gwaggo Saratu, Ishaya! Wadda ta sayar da akuyarta shekarar jarrabawarka. Ka san abin da kalmar mayya take jawo wa tsohuwa a garin nan. In zancen ya fita, ba mai ƙara sayen ƙosanta, yara za su riƙa jifanta, ranar da ta mutu ma sai an roƙi mutane kafin su haƙa kabari. Duk a kan bakin wanda bai taɓa ganin fuskarta ba. Yau ita ce. Gobe in aikin bai samu ba, wa zai nuna? Ni?

Ba haka muka rene ka ba. Buɗe 1 Timoti sura 5 ka gani: Bulus ya ce a ɗauki tsofaffin mata kamar uwaye, ya kuma ce wanda ya ƙi kula da danginsa ya fi marar bangaskiya muni. Malamin da koyarwarsa ta raba ka da gwauruwar gidanku, ka riga ka ga 'ya'yan itacensa, kuma da su Yesu ya ce a gane annabawan ƙarya.

Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, kakanka kuwa da furfurarsa ya shiga ajin karatu don kada kowa ya karanta masa abin da babu. Mutanen Biriya, Bulus da kansa ya yi musu wa'azi, amma kullum sai sun koma Nassi sun bincika ko haka ne, aka kuma yabe su. To, kai ma ka lura. Ana karanta sura a bayyana ta, ko aya ɗaya ake tsinka a wuce zancen kuɗi? Akwai dattawan da za su iya ce wa faston ya yi kuskure, kamar yadda Bulus ya sa Titus ya naɗa a kowane gari? Ana karanta wa ikilisiya lissafin baiko? Man da na ji ana sayarwa a kwalba kuwa, ka tuna amsar da Bitrus ya ba Saminu mai sihiri lokacin da ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah.

Na san za ka ce cocinmu babu wuta, kuma har yanzu kana jin zafin dakatar da kai da aka yi daga ƙungiyar mawaƙa. Babanka bai sa baki ba, ni ma ina ganin daidai ya yi. Dattawan da suka hore ka su ne suka kwana tare da mu a asibiti. Irin wannan ikilisiya nake so ka nema, wadda in ba a gan ka ran Lahadi ba wani zai tako har ɗakinka.

Ban ga laifinka don ka nemi addu'a ba. Zaman jiran aiki da kuɗin haya a wuya ba wasa ba ne, kuma a Zumuntar Mata ba ma tashi sai mun ambaci sunanka.

Gwaggo ba ta san komai ba, cewa take ko wayarka ce ta lalace. Ka kira ta kafin Lahadi. Na ba direban motar Asabar daddawa da yaji, rabi naka rabi na Rahila.

Mahaifiyarka