A auna halin da ƴan gudun hijira ke ciki, ba yawansu kaɗai ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun 2019 da ƴan bindiga suka koro mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jiharmu ta Maradi, hukumar HCR mai kula da ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke yi musu rajista tare da ɗaukar hoton yatsu, har aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Wannan aiki abin yabawa ne, amma sanin yawan mutane bai nuna ko sun ƙoshi ba.

Abin da ya kamata a riƙa tambaya shi ne sau nawa aka ɗora tukunya a gida jiya, nisan da mace ke takawa da jarka kafin ta samu ruwa, da yaran da ke zaune a aji. Wanda ya fi damuna shi ne magidancin Gidan Rumji da ya raba tiyar geronsa da baƙi tun ranar farko, rumbunsa ya ƙare kafin damina, alhali sunansa ba ya cikin takardar agaji.

A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin ƙididdigar ƴan gudun hijira. Ina roƙon hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta sanya baƙi da masu masaukinsu cikin bincikenta na gida-gida, ta kuma bayyana sakamakon da Hausa a gidajen rediyo.

Wassalam,
Mai karatunku daga Maradi