Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Muhalli Kan Tsofaffin Tayoyi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan tsohuwar taya, sharar da ba ta ruɓewa. Duk shekara duniya tana yar da kimanin taya biliyan 1, kuma da zarar an ce "ai ana sake sarrafa su" sai hankalin kowa ya kwanta. Roƙona shi ne ma'aikatarka ta riƙa tambayar yadda ake sarrafawar kafin ta ba kowa lasisi.

Jibge su dai ba mafita ba ce. Ruwan saman da ya kwanta a cikin taya guda ya ishi sauro hayayyafa. A cikin tsofaffin tayoyi ne wani sauro mai yaɗa zazzaɓin denge ya tsallaka daga Asiya zuwa Amurka, aka gano shi a Houston a 1985. In kuwa tulin ya kama da wuta, sai dai Allah ya kiyaye: a Hagersville ta ƙasar Kanada, a 1990, tayoyi wajen miliyan 14 suka kwana 17 suna ci, narkakken mai yana tsiyaya cikin ƙasa.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne sarrafawar kanta. Wanda ke banka wa taya wuta a fili don ya zare wayar ƙarfen cikinta, shi ma cewa zai yi amfani yake cirowa daga shara, alhali baƙin hayaƙin a ƙirjin maƙwabta yake ƙarewa. Haka masu dafa taya a rufaffiyar tukunyar ƙarfe don su tatsi mai. In babu matatar hayaƙi, za ka ga ma'aikata sun yi baƙi ƙirin, ido kaɗai ke haske, ƙurar kuma ta lulluɓe ganyen bishiyoyin kewaye. Hatta niƙaƙƙiyar robar da ake barbaɗawa a filayen ƙwallo, wadda aka daɗe ana yabo, ruwa na kwashe ta zuwa koguna. Shi ya sa a 2023 Tarayyar Turai ta yanke shawarar hana sayar da ita don wannan aikin daga 2031.

Akwai hanyoyin da suka fi dama-dama. Ana yi wa tayar babbar mota sabon baya ta koma kan titi, ana gauraya garin roba da kwalta, masana'antun siminti kuma na ƙona ta a murhun da zafinsa ya haura digiri 1,400. Ko wannan na ƙarshen, a ganina, sai da mai sa ido a bakin bututun hayaƙin.

Ranka ya daɗe, a ɗora wa masu ƙera taya da masu shigo da ita kuɗin tattara ta idan ta mutu. A yi wa masu sarrafawa rajista, a riƙa kai musu ziyarar ba-zata, duk wanda ya kasa nuna inda hayaƙinsa da tokarsa suke zuwa a garƙame wurin.

Wassalam,
Wani mai kishin muhalli